Wanda ya koyi iyo a kududdufin kuza zai iya shiga teku? Muna shirin zuwa Tarkwa Bay

Ɗan_Gangare:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, wanda ya sani ya taimaka. Ni da abokaina biyu muna zubin adashe tun bayan ƙaramar Sallah, muna so in Allah ya kai mu Disamba mu sauka Legas mu je wani tsibiri da ake kira Tarkwa Bay. A bidiyo na ga yara suna hawa wani dogon allo suna sululu a kan igiyar ruwa, tun ranar abin ya tsaya mini a rai. Ban taɓa ganin teku da idona ba, amma iyo kam na iya. Tun ina aji huɗu na firamare nake faɗawa kududdufan kuza, wato ramukan da masu haƙar kuza suka bari, na wajen Bukur kusa da Jos, ba irin dukan da ban sha ba a gida, ban daina ba. Mai iyo irin nawa kwana nawa zai ɗauka kafin ya iya tsayawa kan allon nan? Kuma ta ina ake shiga jirgi?

Sadiq_Anguwar_Rogo:
Ina ruwan biri da gada! Kai da in sanyin Disamba ya sauko sai ka yi kwana uku ba ka yi wanka ba, kai ne za ka hau teku?

Ɗan_Gangare:
Sadiq, ai shi ya sa zan tafi inda ruwan yake da ɗumi. Bar ni in ji daga manya.

Injiniya_Apapa:
Wa alaikumus salam. Ni haifaffen Nasarawa ne a Jos, aiki ya kai ni Legas, kuma na je Tarkwa Bay ya fi sau goma. Bari in fara da mai sauƙin. Mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa. Ana shiga ta CMS a bakin Marina, ana kuma samu ta ɓangaren Ikoyi da Victoria Island. Tafiyar ba ta wuce minti ashirin ba in injin lafiya yake. Kuɗin jirgi ba zan faɗa maka ba, don duk sanda man fetur ya motsa shi ma sai ya motsa. Ka tabbata an ba ka rigar kariya kafin jirgi ya tashi, ka ɗaura ta har igiyar ƙasa, ka jefa wayarka cikin leda ka ƙulle. Hanyar da za ku bi ita ce hanyar manyan jiragen da ke shiga Apapa da Tin Can. In ɗaya ya gifta, ruwan da zai turo sai ya ɗaga ƙaramin jirginku ya buga, kowa ya kama salati.

Dalilin da ya sa ruwan wurin ya fi na sauran bakin tekun Legas kwanciya shi ne ganuwar duwatsu da Turawa suka fara zubawa a bakin mashigar tun 1908, don jirage su samu hanya. Ganuwar ce take karya ƙarfin raƙuman ruwa kafin su iso gaɓa. Shi ya sa masu koyo suke zuwa can.

Maganar iyonka kuwa, zan dawo kanta, ana kirana.

Maikano_Farin_Gada:
Ni fa na ji an ce gwamnati ta rufe wurin, an kori kowa.

Injiniya_Apapa:
Ba a rufe ba. A Janairun 2020 ne sojojin ruwa suka tashi mazauna tsibirin, aka ce saboda masu fasa bututun mai. Mutane da yawa sun rasa matsuguni a lokacin, abin ba daɗin ji. Amma baƙi suna zuwa yanzu, masu rumfuna da masu ba da hayar allo suna nan. Wataƙila Landmark kake nufi, wanda aka rushe bakin ruwansa a 2024 saboda titin Legas zuwa Kalaba. Bar Beach kuma da iyayenmu suke ba mu labari, tuni aka cike shi da yashi aka yi Eko Atlantic.

Baba_Mai_Ritaya:
Ɗana Ɗan Gangare, ka ce ka iya ruwa. To ruwa iri-iri ne. Kududdufi tsaye yake, inda ka bar shi nan za ka same shi. In ka gaji ka juya, gaɓa tana jiranka. Teku tafiya take yi, kuma ba ta shawara da kai. Na yi shekaru ina aiki a Fatakwal, na ga Ijawa waɗanda a kwalekwale aka haife su suna tsayawa su kalli ruwa tsawon lokaci kafin su sa ƙafa. Wanda bai san ruwa ba ne yake faɗawa da gudu. Ban ce kada ka je ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma ranar farko kada ruwa ya wuce maka ƙugu.

Ɗan_Gangare:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ku gafarce ni, kududdufan nan fa ba wasa ba ne. Wani ramin ba a san ƙarshensa ba, ga sanyi kamar ƙanƙara in ka nutsa ƙasa, ga laka mai riƙe ƙafa. Ni gani nake wanda ya tsira a can, teku ba za ta gagare shi ba. An ma ce ruwan gishiri ɗaga mutum yake yi.

Malam_Kimiyya:
Wannan gaskiya ne, amma rabinta ka ɗauko. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, don haka ya fi ruwan daɗi nauyi, jiki ya fi saurin tasowa a cikinsa. Sai dai mutane ba don sun kasa tasowa suke halaka a teku ba. Gajiya ce da firgici. Kana ɗago kai ka shaƙi iska, igiya ta watsa maka gishiri a hanci, ka yi tari, ta biyun ta iso kafin ka gama. A kududdufi wa yake marinka kowane daƙiƙa goma?

Injiniya_Apapa:
Yawwa, na dawo. Ɗan Gangare, saurara, don ni ma da irin tunaninka na je, ni ma a ramukan Rayfield na koya.

Bayan Tarkwa akwai wani dogon bakin ruwa da ake kira Lighthouse, saboda tsohuwar hasumiyar fitilar jirage da ke wurin. Shi ba ganuwar da ta tare shi, yana fuskantar Atilantika kai tsaye. Zuwana na biyu na ga cikin Tarkwa ya cika da jama'a, sai na taka na zagaya can. Na duba na ga ko'ina ruwa yana fashewa da farin kumfa, sai wani ɗan tsakani da ya kwanta luf, launinsa ya ɗan fi duhu. Na ce to ga wurin masu hankali. Ashe nan ne bakin mutuwa. Duk ruwan da raƙuman suka turo gaɓa, ta wannan kwararon yake komawa teku.

Ruwa yana ƙirjina na ji yashi yana zarewa daga ƙarƙashin tafin ƙafata, kamar ana jan tabarma. Kafin in ankara ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Na juya na fara iyo da ƙarfi zuwa gaɓa, ina kallon takalmina da na ajiye a kan yashi yana ƙara ƙanƙancewa. Wallahi takalmin nan nake kallo, ba mutane ba. Hannuna ya mutu, na sha ruwa ya kai sau uku, ko ihu na kasa. Wani yaro ne da bai fi shekara goma sha huɗu ba ya zo a kwance kan allonsa, ya ce in kama gefe. Bai nufi gaɓa da ni ba, sai ya ja ni gefe, a layi ɗaya da bakin ruwa. Ba mu yi nisa ba na ji jan ya sake ni, raƙuman da nake gudu su suka turo mu waje. Na kwanta a yashi ina amai, yaron ya ce mini da Turancin buroka in daina faɗa da ruwa, ya koma abinsa. Ko sunansa ban tambaya ba, har yau abin yana damuna.

To ka riƙe wannan: in ya ja ka, kada ka yi gaba da gaba da shi. Ka yi iyo gefe, ko ka kwanta rigingine ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka. Ba ƙasa yake jan mutum ba, waje yake kai shi, kuma faɗinsa ba yawa.

Sadiq_Anguwar_Rogo:
Injiniya, kai dai faɗi gaskiya, mutanen ruwa ne suka so su aure ka, suka ga talaka ne suka sako ka.

Maman_Husna:
Sadiq ba abin wasa ba ne. Kakata har ta rasu ba ta yarda a shiga rafi da jan kaya ko da tsakar rana ba. Ni dai na san ruwa yana da masu shi.

Ustaz_Dilimi:
Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Amma abin da Injiniya ya kwatanta sababi ne da ido yake gani, kuma an san maganinsa. Kada mu jingina wa aljani abin da sakacinmu ya jawo. A yi addu'a, a kuma ɗaure raƙumi. Iyo kansa abin so ne, ana danganta wa Sayyidina Umar umarnin a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Sannan tun da za ku wuni a can, ruwan teku yana alwala. An tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta kuma halal ne. Ba uzurin tara salloli ke nan. Abin da zan ja kunnenku a kai shi ne ido. Bakin ruwan Legas ranar Asabar da Lahadi, ku da kanku kun sani.

Injiniya_Apapa:
Allah ya saka, Malam. Shi ya sa nake zuwa ranar Talata ko Laraba da safe. Ba kiɗa, ba cunkoso, daga kai sai masunta da yaran allo. Disamba kam Legas cika take yi, komai ya yi tsada, amma ta wajen ruwa lokaci ne mai kyau ga ɗan koyo, don da damina raƙuman suka fi girma.

Maman_Husna:
To ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri na shigo muku zance. Mu mata fa? Maigidan ya daɗe yana cewa zai kai mu mu ga teku ni da yara, amma ni ba zan iya shiga ruwa a gaban maza ba, kuma da hijabi ai ba ya yiwuwa.

Hajiya_Rikkos:
Maman Husna, in da hali ku tara kuɗi ku je Zanzibar. Na je da ƙanwata, ban ji baƙunta ba ko kaɗan. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, kiran salla kina kwance kina ji, matan garin da lulluɓinsu suke shiga ruwa. Akwai kayan iyo na mata masu rufe jiki duka, riga da wando da hular kai, yadin ba ya shan ruwa. Su za ki nema. Kada ki kuskura ki shiga da zani ko dogon hijabi, in ya jiƙe nauyi yake yi ya naɗe ƙafa.

Abin da ya ba ni mamaki a Paje, gabashin tsibirin: da safe muka fito ruwa yana bakin masauki, bayan azahar na leƙo na ga babu teku! Ta janye can nesa, sai farin yashi, mata sun shiga suna kula da gonakin ciyawar ruwa da suke ɗaurawa a igiya tsakanin turaku. Na bi su ba takalmi, na taka wata halitta mai ƙaya kamar bushiya. Kwana biyu ina ɗingishi. In iyo kike so a kowane lokaci, Nungwi ko Kendwa a arewa sun fi, can ruwan ba ya gudu da nisa haka. Da dare kuma ku je Forodhani a Stone Town ku ci gasasshen kifi da ruwan rake. Ƙanshin kanumfari kuwa har cikin kayana na dawo da shi.

Maikano_Farin_Gada:
Hajiya, ku da Allah ya buɗa wa. Mutum yana zubin adashe don ya je Legas a mota, ku kuna maganar Tanzaniya.

Hajiya_Rikkos:
Maikano, ai ba Ɗan Gangare nake ba shawara ba, 'yar uwata nake amsa wa. Kuma ban ɓoye tsada ba. Ga kuɗin jirgin sama, ga biza da sai an nema ta intanet tun da wuri, ga inshorar dole da suka sa wa baƙi tun Oktoban 2024, dala 44 a lokacin. Daga Darussalam kuma in ta ruwa za a tsallaka, kusan awa biyu ne. Kada dai a je tsakanin Maris da Mayu, ruwan sama ne ba ƙaƙƙautawa.

Malam_Kimiyya:
Janyewar tekun da Hajiya ta gani aikin wata ne, da ɗan taimakon rana. Jan da wata yake yi wa ruwan duniya shi ke sa teku ta cika ta janye sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25. Ta fi tsanani a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Mu da muke lissafi da watan Musulunci ma mun huta, duba kwanan wata kawai za ka yi.

Aminu_Dakar:
Wanda yake son tsibiri ba tare da wahalar biza ba, ga Senegal. Ƙasar ECOWAS ce, fasfo ya isa. Akwai ɗan tsibirin Ngor a gefen Dakar, minti kaɗan ne a kwalekwale, kuma masu hawan allo daga Turai har can suke zuwa. Akwai ma mace 'yar ƙasar, Khadjou Sambe, da ta yi suna a wasan, tana koya wa 'yan mata. Sai dai ƙasan ruwan wurin duwatsu ne, ba na ɗan koyo ba ne.

Bakabe_Na_Argungu:
Ina ta karatu ina dariya. Wai allo! Mu da gora muke hawa ruwa tun kakanni. Ku zo kogin Matan Fada ku ga mutum a kwance kan gora, homa a hannu biyu, ya nutse ya fito da giwan ruwa. Bature ya ga namu ne ya je ya fafe katako.

Malam_Kimiyya:
Bakabe, a nan kam ka zarce. Ba Bature ba ne ma ya ƙirƙiro shi. Mutanen tsibiran tekun Fasifik ne, musamman Hawai, suke yinsa tun kafin Turawa su isa can. Duke Kahanamoku, ɗan Hawai da ya ci zinare a iyo a gasar Olamfik ta 1912, shi ya yaɗa shi zuwa Ostareliya da Amurka. Wasan bai shiga Olamfik ba sai a gasar Tokyo da aka yi a 2021, na 2024 kuma Faransa ta kai shi can tsibirin Tahiti. Amma gora da allo dabara ɗaya ce, wannan na ba ka.

Ɗan_Gangare:
Jama'a an kai ni Zanzibar, an kai ni Dakar, an dawo da ni Argungu, har yanzu ba wanda ya ce mini kwana nawa zan yi in tsaya kan allo.

Injiniya_Apapa:
Ka yi haƙuri. Tsayuwa ta daƙiƙa uku a cikin farin kumfa kusa da gaɓa, da babban allo mai laushi irin na 'yan koyo, ana samunta ranar farko ko ta biyu in wani yana tura ka. Irin wadda ka gani a bidiyo kuwa, yaran nan kullum suna cikin ruwa tun suna ƙanana. Abin da bidiyo ba ya nunawa: kaso mafi girma na wasan a kwance kake rub da ciki kana tuƙi da hannu. Washegari kafaɗarka ko buta ba za ta ɗaga ba. Sa riga mai kama jiki, in ba haka ba kakin da ake goga wa allon da yashi za su saluɓe maka fatar ƙirji. Igiyar allon a ƙafar baya ake ɗaurawa, kada ka cire. In ka faɗi, rufe kanka da hannu kafin ka ɗago, don allon yana dawowa, ni ya taɓa fasa mini leɓe. Kuma kada ka riƙe shi a gabanka in igiyar ruwa tana zuwa, a gefe ake riƙewa. Ka biya ɗaya daga cikin yaran wurin ya koya maka, ku yi ciniki tun a tudu.

Nas_Jamila:
Ni abokan tafiyar nake ji. Ɗan Gangare, su biyun sun iya ruwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara da matasa ne suka fi yawa. Ba sai an je teku ba, mu nan Jos duk damina sai an kawo mana yaran da aka tsamo daga ramukan da kake yabo. Wanda yake nutsewa ba ya ihu kamar a fim, shiru yake yi, kai a ɗage, baki yana shiga ruwa yana fita. Ku riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, wani yana tudu yana kallo. In wani ya shiga matsala a miƙa masa allo ko a jefa masa jarka, kada a rungume shi. Sannan ku sha ruwa sosai. Kun saba da sanyin tudu mai tsayin mita 1,200, zafin Legas da gumi zai kwashe ku ba ku sani ba. Baƙar fata ma rana tana ƙona ta, kada wani ya ruɗe ku.

Ɗan_Gangare:
Anti Jamila, gaskiya ɗaya ya iya, ɗayan kuwa ko a baho tsoro yake ji. Shi ya ce hoto zai riƙa ɗaukar mu.

Sadiq_Anguwar_Rogo:
Wannan shi ne mai hankalin cikinku. Ku ba shi ajiyar kuɗin mota.

Baba_Mai_Ritaya:
Mai hoton ma a sa masa ido. Irinsu ne suke matsawa baya-baya suna neman hoto mai kyau a kan duwatsun ganuwa, ga gansakuka ga santsi. Kada ya hau.

Maikano_Farin_Gada:
Ni har yanzu ban ga abin da za a je nema ba. Ga Assop a Hawan Kibo, ga Kurra, ga tafkin Jabi in Abuja kake so. Kuɗin motar Legas kaɗai, ta Lokoja da Okene, wuni guda cur a zaune, ya isa ka ja jari.

Hajiya_Rikkos:
Maikano, ranar da ka tsaya gaban ruwan da ba ka ganin ƙarshensa, ka dawo mu yi wannan maganar. Ni da na fara gani kuka na yi, ƙanwata tana ta yi mini dariya.

Maman_Husna:
Hajiya, kayan iyon nan a Jos kika saya ko can? In akwai a Terminus ki kwatanta mini shagon ta akwatin saƙo.

Ɗan_Gangare:
To na ji. Ranar farko iya ƙugu kamar yadda Baba ya ce, Lighthouse kuma kallo daga nesa. Amma ni fa har yanzu ina ganin ramin kuza ya fi teku mugunta, sai na je na gani. Injiniya, in mun iso za ka raka mu ranar Talatar?

Injiniya_Apapa:
In ban da aiki zan zo. Ku taho mini da dankalin Turawa da atile, na nan ba ya da daɗi.

Sadiq_Anguwar_Rogo:
Atile kuma? Injiniya, Legas ta cinye ka.